“Riƙe, Ko Da Wani Abu Ya Taso”: Katin Bankin Uwa A Hannun 'Ya'ya

 

'Yar'uwa, bari in fara da tambaya, ki ba kanki amsa tsakaninki da Allah. A daidai wannan lokaci da kike karanta wannan shafi, ina katin bankinki yake? Yana cikin jakarki, ko yana aljihun ɗanki, ko kuwa yana wajen ɗiyarki da ke makaranta a wani gari? Mutum nawa ne suka san lambobin nan huɗu na sirri? Idan kina cikin iyayen da kan miƙa wa yaro kati su ce “riƙe, ko da wani abu ya taso,” to ki gyara zama, domin ni ma na taɓa faɗin wannan magana, kuma abin da ya biyo bayanta ne nake son in ba ki labari, ko Allah Ya sa wata ta tsira daga abin da ya same ni.

Ni mutuniyar Funtuwa ce, nan aka haife ni, nan kuma nake aure. Maigidana manomi ne, yana noma masara da dawa da waken suya, da 'yar auduga a shekarun da take da kasuwa. Ni kuwa sana'ata ajiyar hatsi. Da kaka, idan kaya suka yi sauƙi a kasuwannin Dandume da Bakori da nan cikin gari, sai in aika a sayo mini, in adana, in fitar da bazara. Bayan wannan, ni ce uwar adashin matan unguwarmu, mu ashirin.

Ina tuna lokacin da yayana zai tafi makarantar kwana, muna yara. Innarmu, Allah Ya jiƙanta, takan ƙulle masa 'yan kuɗi a tsumma, ta cusa can ƙasan akwatinsa, ta ce, “Wannan ba na kashewa ba ne. Kada ka kwance shi sai a kan ciwo, ko kuɗin motar dawowa gida.” Inna ba ta yi boko ba, amma duba hikimar da ke cikin ƙullin nan. Abin da ke ciki ƙidayayye ne, in ya ƙare ya ƙare, sannan ta faɗi dalilan kwance shi da bakinta, guda biyu, ba su fi haka ba. Ni da na yi karatu, na zo na ba nawa ɗan ƙulli marar iyaka, ban kuma gaya masa dalili ko ɗaya ba.

Yadda katin ya bar hannuna

A watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Dandume. Wadda ta zauna a yankinmu a lokacin ba sai an ba ta labari ba. Waya ta koma fitilar haska ɗaki. Mai son ya ji muryar ɗan'uwansa sai ya hau mota ya nausa wajen Zariya, har inda zai sami sabis.

A lokacin babban ɗana, wanda kunyar ɗan fari ba za ta bar ni in kama sunansa ba, yana aji uku a jami'a a Zariya. Ya zo gida wata Juma'a, ranar Lahadi yana haɗa kaya zai koma, sai zuciyata ta yi ta saƙa mini: yanzu idan yaron nan ya kwanta ciwo, ta ina zai same ni? Idan abinci ya yanke masa fa? Na kira shi ɗaki, na ciro katin daga ƙasan adaka, na raɗa masa lambar sirri, na ce, “Riƙe, ko da wani abu ya taso.” Ya durƙusa ya karɓa, ya ce, “To Umma, Allah Ya saka da alheri.” Shi ke nan maganar da muka yi. Ban gaya wa mahaifinsa ba, ban gaya wa yaron nawa ne a ciki ba, ban kuma gaya masa na wane ne ba.

Abu biyu na manta. Na farko, kuɗin da ke asusun nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Tun da tsaro ya taɓarɓare na daina kwana da kuɗin mutane a ɗaki, sai in aika a kai banki. Har akwai wata baiwar Allah da ta kwashi adashinta amma ta bar shi ajiya a wurina, saboda kayan ɗakin ɗiyarta da za a aurar. Na biyu, tunda babu sabis, babu alat. Ko nawa aka cira, wayata shiru. Da aka dawo mana da layi a watan Disamba, saƙonni suka yi ta shigowa rututu, ni kuwa ɗokin gaisawa da dangi bai bar ni na tsaya karanta na banki ba.

Ranar da asiri ya tonu

A watan Janairu na 2022 mai ajiya ta aiko tana son kuɗinta, biki ya matso. Na tafi banki da kaina, na cike takarda, sai ma'aikaciyar ta dube ni ta ce, “Hajiya, abin da ke ciki bai kai haka ba.” Na ce ta sake dubawa. Aka buga mini takardar shige da ficen kuɗin asusun. Naira 63,500 babu su, an cire su sau 19. Mafi yawa naira 10,000, mafi ƙaranci naira 1,000. Ban san yadda na iso gida ba. A ranar na sa aka fitar da buhu biyu na waken suya da nake tattalinsu sai bazara, aka sayar, na cike wa matar nan kuɗinta ba tare da ta san abin da ya faru ba. Ke ma kin sani, uwar adashi ba ta da jarin da ya wuce amana. Ranar da aka ji cewa kuɗi sun yi ƙafa a hannunta, ta gama yawo a unguwa.

Na aika ya zo. Tun daga zaure na tare shi, a tsakar gida, gaban ƙannensa, na yi masa wankin babban bargo. Babu abin da ban kira shi ba. Da zuciya ta ɗebe ni sai na juya kan sauran yaran na ce, “Daga yau, ko mutuwa ɗayanku zai yi, kada ya kuskura ya taɓa mini ko sisin kwabo!” Ɗiyata mai bi masa tana tsaye a ƙofar madafa da tsintsiya a hannu, ta sunkuyar da kai. Ki riƙe wannan, 'yar'uwa, za mu dawo kansa.

Da dare maigida ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Na ji laifinsa, kuma zan yi masa nawa faɗan. Amma ke da kika ba shi, kin gaya masa mene ne ‘wani abu’? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.” Maganar ta yi mini zafi, amma na rasa amsa.

Washegari na zaunar da yaron mu biyu, muka bi takardar nan layi-layi. Cirar farko, naira 4,000, zazzaɓin cizon sauro ne ya kayar da shi, ya yi gwaji ya sayi magani. Wannan kam lalura ce, don ita na ba shi. Ta biyu, takardun karatu da aka ce dole a saya kafin jarrabawa. Ta uku, mahaifiyar abokin ɗakinsa aka kwantar a asibiti, ya ranta masa naira 10,000, har yau ba su dawo ba. Daga nan gilashin waya ya fashe. Daga nan data, domin aikin makaranta. Daga nan data kuma, ba domin aikin makaranta ba. Daga nan gudummawar bikin yayan wani aboki. Can ƙasan takarda kuwa, dubu ɗaya, dubu biyu, shi kansa ya kasa tuna abin da ya yi da su.

Yaron nan ba ya shaye-shaye, ba ya caca, ba ya wasa da salla. Abin da ya faru shi ne kalmar “lalura” ta yi ta miƙewa a hannunsa kamar roba, kullum ta ɗan ƙara tsawo. Na tambaye shi me ya hana shi gaya mini. Ya ce, “Umma, na farko na so in faɗa miki, babu waya. Na biyu na ce bari sai na mayar tukuna. Daga na biyar kuma kunya ce ta hana ni.”

A shekarar malaman jami'a suka shiga yajin aiki tun daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Mahaifinsa ya yanka masa gefen gona, ya ce ga inda zai biya bashinsa. Ya yi damina yana duƙe, da kaka ya sa aka shigo mini da buhu biyu na waken suya har ƙofar ɗaki. Na sa masa albarka, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe kuɗi ne kawai suka dawo. Maganar da na yi a tsakar gida tana nan, domin magana zarar bunu ce.

Daren da ba zan manta ba

A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kafin Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta ɓace a hannun mutane. Ga kuɗinki a banki, ga ki kina neman na cefane. Manoma suka riƙa karyar da hatsi ga duk mai tsaba a hannu, masu POS kuwa, wanda ya samu, sai ya yanka abin da ya ga dama.

Ɗiyata, waccan mai tsintsiya, tana karatu a Katsina a lokacin. Da ta zo gida na ba ta katin, na ce ta gwada bankunan can ko za a dace ta ciro mini wani abu, tunda layin na nan ya fi ƙarfina. Na ƙara da cewa, “Saura ki yi irin ta yayanki.” Ta yi kwana uku tana bin layi ba ta samu ba. Ana cikin haka aka ba da umarnin rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu saboda zaɓen da za a yi ranar 25. Ɗalibai suka cika tasha, ga ƙarancin mai, ga ƙarancin kuɗi. Ta tattara 'yan canjin da suka rage mata ta biya mota, ta kira ni da azahar ta ce sun taso, cajinta ya kusa ƙarewa.

La'asar ta yi, shiru. Magariba ta yi, shiru. Na kira, waya a kashe. 'Yar'uwa, ke da kika san abin da ake nufi da a ce ɗiya budurwa tana kan hanya a yankinmu bayan faɗuwar rana, ba sai na yi miki bayani ba. Maigida ya tafi tasha yana tambayar duk direban da ya shigo. Ni kuwa na shimfiɗa darduma, amma wallahi ban san abin da nake karantawa ba. Babu irin tunanin da bai zo mini ba, har na fara lissafin abin da za mu sayar idan aka kira mu aka faɗi kuɗi.

Sai wajen ƙarfe goma na dare wata baƙuwar lamba ta shigo. Muryar tsohuwa ce. Ta ce, “Baiwar Allah, kwantar da hankalinki, ɗiyarki tana hannun uwa. Ga ta nan a ɗakina a Malumfashi, ta ci tuwo.”

Ga abin da ya faru. Motarsu ta mutu daf da shiga Malumfashi da la'asar sakaliya. Direba ya ce kuɗinsu ya riga ya sha mai da su, ba shi da abin mayarwa. Fasinjoji suka taka zuwa tasha, kowa ya nemi wata motar. Direbobin Funtuwa suka ce naira 2,000, kuma tsaba, ba sa karɓar tiransifa. A nan bakin tasha akwai wani yaro mai POS da ke da kuɗi a hannu, yana cirar naira 500 a kan kowace 2,000. Wato naira 2,500 ce kawai tsakanin ɗiyata da gida, tafiyar da ba ta fi awa guda ba, ga kuma katina a jakarta da kuɗi a ciki. Ta ce sau uku tana ciro shi tana mayarwa. Tana nan zaune tana jiran ko za a gyara tasu motar, har motocin ƙarshe suka tashi, domin direbobi ba sa son dare ya yi musu a hanya. Wata tsohuwa mai ƙosai ce ta lura da ita tana kuka a kan benci, ta ja ta zuwa gidanta, sai da jikanta ya dawo da waya sannan aka kira ni. Allah Ya saka wa tsohuwar nan da Aljanna.

Da safe mahaifinta ya je ya ɗauko ta. Bayan na gama rungumarta sai faɗa ya zo mini, na ce, “Ke wace irin yarinya ce? Ba ga kati a jakarki ba?” Ta ɗago ta dube ni, ba da rashin kunya ba, ta ce, “Umma, ke kika ce ko mutuwa za mu yi.”

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka mai isata. Kati ɗaya, 'ya'ya biyu. Ɗaya ya ci abin da bai kamata ba saboda ban ja masa layi ba, ɗaya ta kusa salwanta saboda layin da na ja cikin fushi ya wuce hankali. Duka biyun daga bakina suka fito.

Abin da na ji a Islamiyya

Da na kai wa malamarmu ta Islamiyya labarin, sai ta tuna mini da aya ta 61 a cikin Suratun Nur. Ta ce malaman tafsiri sun kawo cewa Sahabbai idan za su fita yaƙi sukan bar mabuɗan gidajensu a hannun waɗanda uzuri ya hana su fita, su yi musu izinin ci daga abin da ke ciki, amma waɗannan bayin Allah sai su riƙa jin nauyi su ƙi taɓawa, har Allah Ya saukar da sauƙi a kan haka. Ta kuma kawo hadisin Hindu 'yar Utba, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda ta kai ƙara cewa mijinta Abu Sufyan ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, Manzon Allah (SAW) ya yi mata izinin ɗaukar gwargwadon abin da zai ishe su bisa yadda aka saba. Malama ta ce hukunce-hukuncen da ke cikin waɗannan sai a koma ga malamai, amma darasin a fili yake: wanda aka ba mabuɗi yana buƙatar izini bayyananne domin kada ya cutu, yana kuma buƙatar ma'auni domin kada ya cutar. Ni ban ba ɗana ma'auni ba, ban ba ɗiyata izini ba.

Katin bashi da bashin waya

Akwai wani haɗarin da ya kamata ki sani. Katin da yawancinmu muke riƙewa, abin da kika zuba kawai yake fitarwa. Amma a ƙasashe irin su Amurka da Ingila akwai katin bashi, wanda ya fara yaɗuwa tun daga 1950. Da shi banki ne yake biya miki, ke kuma ki biya banki daga baya, idan kika wuce wa'adi a ɗora miki ruwa. Iyaye a can sukan sa a yi wa ɗansu nasa katin a kan asusunsu saboda lalura, amma duk abin da ya kashe, bashin yana wuyan mai asusun. Kin ga a nan an haɗa matsala biyu, ga ɓarna ga riba, wadda Allah Ya haramta.

Kada ki ce wannan can ne. Bashin ya biyo mu har cikin wayoyinmu. Akwai manhajoji masu ba da rance cikin 'yan mintoci da ruwa mai yawa, abin da suke nema bai wuce lambar waya da bayanan kati da lambar BVN ba, wato lambobin nan 11 da aka fara yi wa masu asusun banki a 2014. Idan aka kasa biya, wasunsu sukan bi lambobin da ke cikin waya suna aika saƙon tozarci ga dangi da surukai, abin da ya sa a 2022 hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas. Saboda haka yaron da ke riƙe da katinki da wayarki da BVN ɗinki, ko abokin da ya yaudare shi ya karɓa, yana iya ciyo bashin riba da sunanki kina barci. Sannan ki sani, duk kuɗin da aka cira da lambarki ta sirri, da wuya banki ya saurare ki, domin tun farko sun gargaɗe ki kada ki ba kowa.

Yadda muke yi yanzu a gidanmu

Ban daina tanadar wa yarana abin lalura ba, domin zamanin da muke ciki bai bar uwa ta tura ɗa wani gari hannu rabbana ba. Sai dai na koma ga ƙullin Inna.

Na farko, na raba tukunya. Kuɗin adashi da ajiyar mutane suna asusu dabam, katinsa ba ya barin adakata, ko maigida bai san lambarsa ba. Duk yaron da ya kai shekara 18 kuma zai bar gida, sai ya buɗe asusu da sunansa, mu zuba masa wani abu ƙayyadadde wanda zai isa kuɗin mota zuwa gida da ganin likita sau ɗaya. Idan ma ya ɓata, mun san iyakar asararmu.

Na biyu, na faɗi abin da ake kira lalura da bakina, gaban mahaifinsu, guda uku: ciwo, hanya, da yunwa. Idan jikinka ya motsa, ko dare zai yi maka a inda babu aminci, ko ka wayi gari babu abin sawa a baki, cira kawai, kada ka jira izinin kowa, ko nawa mai POS zai yanka. Na gaya musu ƙarara cewa ransu ya fi mini duk abin da na mallaka, na kuma janye waccan muguwar magana, na nemi ɗiyata ta yafe mini. Uwa ba ta raguwa don ta ce wa ɗanta ta yi kuskure.

Na uku, duk abin da ba ya cikin ukun nan, a tambaya tukuna. Waya ta fashe, anko, gudummawa, rance ga aboki, duk suna iya jiran kira ɗaya. Taimakon aboki abu ne mai kyau, amma ba a yin kyauta da kayan wani.

Na huɗu, wanda ya cira ya faɗa kafin kwana ɗaya ya wuce. Na yi musu alkawarin cewa wanda ya faɗa da kansa ba zai ji faɗa a ranar ba, ko da ya yi kuskure. Na lura kunya da tsoro su ne suke mayar da dubu huɗu ta zama dubu sittin.

Na biyar, muna rubutawa. Akwai ɗan littafi da nake sa kwanan wata da adadi da dalili, mu kuma yanke tun a lokacin ko kyauta ce ko rance. Kada ki ce ai tsakanin uwa da ɗa babu lissafi. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Rubutu yana kashe zargi, yana kuma koya wa yaro cewa kuɗi suna da ƙidaya.

Na shida, a yi adalci. Abin da aka yi wa namiji a yi wa mace, abin da aka yi wa ɗan ɗakinki a san yadda za a yi wa ɗan ɗakin abokiyar zamanki, da sanin maigida. Katin da aka miƙa a ɓoye yakan haifi ƙiyayyar da za ta daɗe a gida bayan an manta da kuɗin.

Na bakwai, idan yaro ya yi ɓarna, ki ja shi ɗaki. Faɗan tsakar gida ba mai laifi kaɗai yake ji ba. Akwai mai tsintsiya a ƙofar madafa, wadda ba ta yi komai ba, amma ita ce za ta haddace kowace kalma.

Daga ƙarshe, 'yar'uwa, kada ki jira sai yaro ya shiga jami'a sannan ki fara gwada shi da kuɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki aike shi cefane ki karɓi canji ki ƙidaya a gabansa, ki ba ɗiyarki kuɗin mako ki ga yadda za ta kai shi Juma'a. Wanda ya riƙe amanar ɗari biyar, shi ake ƙara wa dubu biyar.

Yau babban ɗana shi ne yake riƙe mini lissafin hatsi, kuma ban taɓa samun ko mudu ɗaya ya yi ɓatan dabo ba. Ɗiyata kuwa, a bara ta kira ni daga makaranta ta ce, “Umma, na cira dubu biyar, haƙori ne ya hana ni barci, na je an duba ni.” Na ce, “Kin kyauta, Allah Ya ƙara sauƙi.” Da na ajiye wayar sai da na yi sujadar godiya.

Idan katinki yana hannun ɗanki a yau, kada ki kwanta sai kin kira shi kun yi maganar da ni ban yi ba. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa su zama masu riƙon amana, Ya tsare mana su a hanya da makaranta, Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu da ƙasa baki ɗaya. Amin summa amin.